Jiragen Yawuri Kafin Kainji Ya Haɗiye Kogi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan jiragen ruwa na Yawuri da sauran garuruwan bakin Kwara. Duk lokacin da aka yi bikin Rigata, hotuna sukan cika wayoyin mutane, ga jirage sun sha ado, ga samari na tuƙi ana kiɗa, dattawa kuma suna ta "Allah ya jiƙan zamanin da". Ba a rufa watanni sai a ji jirgi ya kife da 'yan kasuwa, a yi ta'aziyya, a watse. Labarai biyun nan ba a cika haɗa su wuri ɗaya ba, alhali tushensu guda ne. Ruwan da kakanni suka sani ya canja tun 1968 da madatsar Kainji ta tare kogi, jirgin ma ya canja, ilimin da ke tsare rai a kwata kuwa ya bi masu shi kabari kaɗan-kaɗan.

Wanda bai kai shekara sittin ba bai ga Kwara ta asali a wannan yanki ba. Daga Yelwa zuwa Busa kogi ne mai rassa, ya rabu nan ya haɗu can, tsibirai birjik a tsakiyarsa. Tsibirin shi ake kira gungu, daga nan sunan Gungawa ya fito, ko da yake su da bakinsu Reshe suke kiran kansu. Manoma ne na gaske, kuma albasar Yawuri da ta yi suna a kan waɗannan tsibirai da gaɓar kogi ake noma ta da rani, ana ɗibar ruwa da ƙwarya ana ba fangali ɗaya bayan ɗaya. Su kuwa Sarkawa ruwa ne gonarsu. Asalinsu daga Sorko ne na ƙasar Songhai, suka gangaro suka zama Hausawa a harshe, suka riƙe su da farautar dorina da kada da ayu. Can ƙasa da Busa ruwa yana matsewa tsakanin duwatsu yana gudu, wurin da Baturen nan mai binciken kogi, Mungo Park, ya halaka a 1806. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, Turawan da suka zo binciken kogin a 1830, sai da suka hau kogi har Yawuri suka zauna makonni kafin su samu jirgin gangarawa.

Abu na farko da ɗan jirgi yake koya shi ne Kwara tana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ke zuwa da damina, ya yi ƙarfi a watan Satumba. Ruwan saman ƙasarmu ne, Gulbin Kebbi da su Malendo suke kwaso shi da laka, shi ya sa yake fari-fari kamar an dama ƙasa. Yana da gudu, yana ɗauko itatuwa da ciyayi, ba a kuma ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Sai baƙin ruwa, wanda ke isowa da sanyi ya kai ƙarshen cikarsa wajen Janairu zuwa Fabrairu. Shi ruwan saman da ya sauka ne a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana yawo a fadamun Masina na ƙasar Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso nan garau. Manyan jirage masu dogon zango sun fi son baƙin ruwa, domin ya rufe duwatsu kuma ba shi da haukan farin ruwa. Daga Afrilu zuwa Yuni kogi yakan janye, yashi ya fito, duwatsu su yi tsaitsaye, babban jirgi ya koma jiran shekara. Fatauci da biki da kai amarya ƙetare duk a kan wannan lissafi ake tsara su.

Kwata kuwa ita ce zuciyar gari. Tun da asuba hayaƙin banda ya turnuƙe, mata na juya tarwaɗa da ƙurungu a kan wuta, ana shirya busasshen kifi a manƙara. Giwan ruwa in ya yi girma sai mutum biyu sun rataya shi a sanda. Gefe guda ga buhunan albasa da shinkafa, ga kanwa da gishirin Foga da za su gangara ƙasar Nufe, ga Nufawan Kede da suka hauro da manyan jiragensu. Fataken goro da ke dawowa daga Gwanja ta ƙasar Bargu dole su tsallaka Kwara, kuma ayari ba ya ƙetarewa a yini ɗaya. Madugu zai sauka a zango, a yi cinikin kuɗin fito, a fara da huhunan goro, domin goro ba ya son jiƙa ba ya son rana, sannan mutane, sannan dabbobi. Doki ba a sa shi cikin ƙaramin jirgi. Sauke sirdi ake yi, mutum ya zauna a gefe ya riƙe ragama gajere yadda hancin dokin zai tsaya sama da ruwa, a sa shi ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa don kada igiyar ruwa ta tura shi ƙarƙashin jirgi. Shanun Fulani kuwa guda ake ja, wadda garke ya saba bi, sauran su faɗa ruwa a bayanta. Babban jirgi mai tafiyar kwanaki yana da rumfar zana a tsakiya, da murhu da aka girka a kan yashi ko yumɓu, iyalin mai jirgi suna dafa tuwonsu jirgi na tafiya.

Jirgin wancan zamani sassaƙa shi ake yi daga gungume ɗaya. Maɗaci da kawo su ne na gaba, suna da nauyi amma suna shekaru. Maje ya fi sauƙin sassaƙa, bai kai su ƙarko ba. Rimi shi ne mai arha, ba nauyi, yana ba da babban jirgi, sai dai ruɓewa da wuri. Masassaƙi yana fara daidaita bayan gungumen, wato wajen da zai zauna a ruwa, sannan ya juya shi ya buɗe ciki da gatari, ya bi da gizago. Dole ya fere farin itacen da ke bin ɓawo ya kai ga jan ciki, don farin nan shi ƙwari da ruwa suke fara ci. Gindi akan bar masa kauri kamar yatsa uku zuwa huɗu, gefe kamar yatsa biyu, yana yi yana ƙwanƙwasawa yana sauraron amo. In gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, jirgin zai zauna a karkace har ya mutu, ba gyara. In aka bar shi a rana ba ruwa a ciki, ya tsage daga goshi. Shi ya sa ba a barin jirgin sassaƙa a tudu sai an rufe shi da ciyawa.

Da yake manyan itatuwa ba su da yawa a arewacin kogi, an san dabarar haɗa gungume biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. A huda ramuka a bakin kowanne, a ɗinke da igiya mai kauri, a cusa ciyawa ƙarƙashin ɗinkin ciki da waje. Irin wannan jirgi ba ya rabuwa da yoyo, saboda haka kullum akwai yaro zaune a tsakiya da ƙwarya yana kwalfe ruwa. Aikin farko ke nan da ake ba ɗan koyo, kuma daga wurin zaman nan yake kallon yadda manya ke karanta ruwa.

Tuƙi iri biyu ne, na gora ko gwangwala, da na filafili. In za a hau kogi, gaɓa ake bi, inda ruwa ba shi da ƙarfi kuma gora tana taɓa ƙasa. Mai gora yana kafa ta kusa da jikin jirgi, ya dangana da nauyinsa, ya zare ta da ɗan murɗawa. Wanda ya kafa ta cikin laka ya ƙi saki, jirgi ya wuce ya bar shi rataye. In za a ƙetare ba a miƙewa sak. Sai an hau sama da inda ake nufi, sannan a karkata goshi a shiga da filafili, ruwa da kansa ya sauko da jirgi bakin kwatar da ake so. Fuskar ruwa kuma tana magana. Inda ya yi sumul yana sheƙi kamar mai, akwai zurfi. Inda yake ƙananan tattara, yashi ne kusa. Inda ya kumbura ya rabu biyu, dutse ne a kwance. Inda yake juyawa yana tafasa, a ba shi hanya. A wuraren gudu irin na Awuru sauke kaya ake yi, a ɗauka a ka ta tudu, a ja jirgi da igiya.

Ba ina cewa da ba a nutsewa ba ne. Dorina mai ɗa ta kifar da jirage ba adadi, farin ruwa ya ci mutane. Amma akwai abu biyu da suka rage yawan asara. Jirgin ƙarami ne, in ya kife mutum goma ne ko ashirin, kuma gaɓa ko tsibiri na kusa, masunta na kusa, gungumen kansa sau da yawa ba ya nutsewa, ana iya rungumarsa. Na biyu, kwata tana da mai ita. Sarkin Jirgi da Sarkin Ruwa ba rawanin ado suka ɗaura ba. Su ke karɓar kuɗin fito a madadin sarki, su ke sanin jirgin wane ya tsufa, kuma in suka dubi gabas suka ce yau ba fito, magana ta ƙare, ko ɗan wane ne kai.

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka tare ruwa a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Tafkin da ya taru ya kai kusan kilomita 130 a tsawo, faɗinsa a wajen da tsibirin Foge yake ya haura kilomita 20. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina sabuwa. Sama da mutum 40,000 aka tasa daga ƙauyukansu aka zuba su a gidajen siminti da ba su saba da irinsu ba. Gungawa da yawa sun wayi gari a tudu, nesa da fangalin albasarsu. Duwatsun da matuƙa suka haddace ɗaya-ɗaya duk suka koma ƙarƙashin ruwa, gora ta daina taɓa ƙasa.

Tafki yana da halin da kogi ba shi da shi. A kogi iska ba ta samun filin tara raƙuman ruwa, don gaɓa da tsibirai suna karya ta. A faɗin kilomita ashirin kuwa, hadarin farkon damina in ya taso daga gabas, cikin ɗan lokaci ruwa ya tashi, jirgin da ke tsakiya ba shi da wurin fakewa. Sannan dajin da ruwa ya rufe ba duka aka sare ba. Itace a cikin ruwa ba ya ruɓewa da sauri, kututturan suna nan tsaye har gobe. Tafkin yana cika daga Satumba, baƙin ruwa ya riƙe shi har wajen Fabrairu, daga nan ya yi ta sauka saboda ana sakin ruwa don wutar lantarki, har ya kai ƙasa wajen Yuli zuwa Agusta. Saukar takan kai kusan mita goma. Ke nan hanyar da jirgi ya bi lafiya a Janairu, a watan Mayu kan kututture yana iya zama taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa, daidai lokacin da guguwar farkon damina ke tasowa. Da rani kuma ga hazo, wanda ke ɓatar da gaɓa gaba ɗaya.

Jirgin katako da ya maye gurbin na sassaƙa, wanda kafintocin Yelwa suka ƙware a kai, aiki ne mai kyau in an yi shi yadda ya kamata. Ana jera katakon gindi, a kafa haƙarƙari a kai, a ɗora katakon gefe, a gicciya benci-benci, a rufe baya da katako mai kauri inda inji zai zauna. Tsakanin katako da katako a cusa auduga ko tsumma, a shafe da kwalta, a bi da siririn langalanga a buga ƙananan ƙusoshi. Matsala tana fara shigowa ne tun daga katako. In ɗanye ne, zai bushe a jikin jirgi ya tsuke, haɗin ya buɗe. Ƙusa in ta gama-gari ce ba mai rufin tutiya ba, tsatsa za ta cinye ta daga ciki, kanta na nan lafiya a waje, jikinta ya zama zare. Mai saye ya duba ya ga kawunan ƙusa reras ya ce jirgi sabo ne. Gwajin mai sauƙi ne, a zare ƙusa biyu ko uku daga layin da ruwa ke tsayawa a gani, a kuma soka wuƙa a gindin haƙarƙari. In ta shiga kamar a rogo dafaffe, jirgin ya gama aiki, fenti ba zai cece shi ba.

Babban ganganci shi ne cire benci don a samu wurin jera babura ko buhuna. Bencin nan ba don zama kawai aka sa shi ba, shi ke ɗaure gefe da gefe. Jirgi ne dogo mai shimfiɗaɗɗen gindi, an yi shi da siffar ruwa mai kwanciya. In raƙumin ruwa ya ɗaga goshi da baya, tsakiya ta rataya da nauyin kaya, in kuma ya ɗaga tsakiya, goshi da baya su rataya. Lanƙwasa sama, lanƙwasa ƙasa, ƙusoshi masu tsatsa suna saki ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake nufi ke nan in aka ce jirgi ya rabe biyu ba tare da ya daki komai ba.

A yi lissafi a gani. Ɗauki jirgi mai gindin mita 12 a tsawo, mita 2 a faɗi. Kowane tan ɗaya da aka ɗora masa, wato buhu goma na masara mai kilo ɗari, yana nutsar da shi kamar santimita 4. Mutum goma sha biyar tan ɗaya ne, babur takwas ko tara ma haka. Ruwan da ya taru a cikinsa kuwa, in ya kai zurfin santimita 5 kacal, abin da bai rufe idon sawu ba, nauyinsa ya haura tan ɗaya. Kuma ya fi buhu sharri, domin buhu yana zaune inda aka ajiye shi, ruwa kuwa duk inda jirgi ya karkata can yake kwarara ya ƙara danne shi. In mutane suka firgita suka miƙe tsaye suka ruga gefe ɗaya, an gama. Jirgin da ya bar kwata tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce faɗin tafin hannu ba, tun a nan ya kife, lokaci kawai yake jira.

Inji ma da nasa. Yawancin injinan da ake ɗaurawa, irin Yamaha mai doki 15 zuwa 40, ana haɗa musu fetur da baƙin mai, rabin lita a jarka mai lita 25. A rage mai, inji ya ƙone. A zuba da yawa, fulogi ya yi baƙi ya ƙi tashi. Fetur ɗin jarka da ya kwana a buɗe yakan sha ruwa, sai an kai tsakiya inji ya yi tari ya mutu. Burugu da sauran ciyayin ruwa suna naɗe farfela, suna toshe ramin da inji ke shan ruwan sanyaya kansa. Direban kirki idonsa na kan ɗan siririn ruwan da inji ke fitarwa ta baya, da ya ga ya tsaya sai ya kashe ya duba. Jirgin da injinsa ya mutu cikin iska yakan juya ya ba raƙuman ruwa gefensa, kuma abin da zai mayar da goshinsa ya fuskanci iska shi ne filafili. A je kwata a ƙirga jirage nawa ne ke ɗauke da filafili ko biyu a yau. Kakanninsu ba su taɓa barin gaɓa ba tare da shi ba.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma rahotanni sun ce har da babura a cikin kayan. A dubi watan, a dubi lodin.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ruwa, hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, HYPPADEC, ma ta raba riguna a garuruwan bakin ruwa. Madalla. Sai dai rigar da ke ɗaure cikin buhu a ƙarƙashin kaya ba ta da amfani, ba a fafe gora ranar tafiya. A sa ta tun a tudu, a ɗaure igiyoyinta, a kuma samo ƙanana na yara. Mace mai goyo ta sauke ɗanta ta riƙe a gaba kafin jirgi ya tashi, domin zani da goyo in sun sha ruwa ba ta iya kwance su.

Roƙona ga masarautun Yawuri da Bargu da gwamnatocin Kebbi da Neja shi ne a mayar wa masu sarautar ruwa ikonsu a rubuce, yadda in Sarkin Jirgi ya ce a sauke buhu ashirin, ɗan sanda zai tsaya a bayansa. Abincinsa kuma kada ya dogara da yawan fasinjan da aka loda, don wanda ake ba kamasho a kan kowane kai ba zai ce jirgi ya cika ba. Kowane jirgin haya a ja masa layin fenti a jiki, kamu ɗaya ƙasa da baki ga masu ratsa faɗin tafki, layi ya nutse ba tashi. A riƙa zare ƙusa ana dubawa sau ɗaya a shekara kafin faɗuwar damina. Tsofaffin masunta da suka san inda kowace kuka da kowane maɗaci yake tsaye kafin ruwa ya rufe shi, kaɗan suka rage. A ɗauke su a jirgi a watan Yuli, lokacin da ruwa ya kai ƙasa, su nuna kututturan da ke kan hanyoyin kasuwa irin na Warra da Malale da mashigin Zamare zuwa Rofiya. Wanda za a iya yankewa a yanke, wanda ba za a iya ba a ɗaura masa jarka mai launi da doguwar igiya wadda za ta kai in ruwa ya dawo.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Yelwa, Yawuri, Jihar Kebbi.